Haƙoran Tafinta

Shekara talatin da ɗaya Mai-ɗinki tana auren Tafinta, kuma a cikinsu babu makon da ya wuce ba ta ciro dutse daga aljihun wandonsa ba. Tela ce, kekenta na bakin taga, mata na kawo mata kaya daga unguwanni masu nisa saboda hannunta na da kyau. Amma aikin da ta fi yi a duniya, wanda ba a taɓa ce mata sannu a kansa ba, shi ne facin aljihun mijinta. Tun tana yi da ragowar yadi, har ta gaji ta koma yanko ƙyallen katifa tana ninkawa biyu. Shi ma wata uku yake yi ya huje.

Fassara yake yi a ofishin binciken ƙasa da ma'adinai. Masana duwatsu su fita daji su haƙo, su rubuta rahoto da Turanci. Kamfanonin da ke zuwa haƙar rami da ginin madatsar ruwa kuma da yawansu Sifaniyanci suke ji, to shi ne a tsakani. Yadda ya samo yaren ma abin haushi ne. Yana saurayi aka tura shi ƙasar waje karatun duwatsu, ya yi shekara biyu, saura ɗaya ya gama mahaifinsa ya rasu. Ya dawo ya riƙe ƙannensa bakwai, bai sake komawa ba. Ga yare a baki, babu takarda a hannu. Waɗanda ba su kama ƙafarsa a sanin dutse ba suka zama shugabanninsa, shi kuma aka ba shi tebur a bayan ƙofa da ƙamus guda uku.

Ƙamus ɗin nan su suka jawo wa Mai-ɗinki komai. Dutse ɗaya, wannan ya ba shi suna, wancan ya ba shi wani daban, na ukun ya yi kamar bai san da shi ba. A shekararsa ta farko wani injiniya baƙo ya karanta fassararsa, ya zazzage jakar duwatsu a kan tebur, ya ce ya nuna masa wanda yake nufi a ciki. Tafinta ya tsaya yana rarraba ido. Ya sha gaya mata cewa har gobe in ya tuna ranar sai zufa ta karyo masa. Tun daga nan ya kafa wa kansa doka: ba zai sa wa dutse suna a takarda ba sai ya riƙe shi ya gwada shi da kansa.

Da a ce gwajin na hannu ne kawai, da da sauƙi. Wani dutsen da farce ake kartarsa, wani da wuƙa, wani a ɗiga masa ruwan asid a ga ko zai yi kumfa. Wani kuma lasa ake yi. Mafi muni su ne duwatsun laka masu launin toka, waɗanda ido ba ya raba su. Su sai an gutsuri kaɗan an murza tsakanin haƙoran gaba. In ya yi garas-garas, shi ne wanda Turawa ke ce wa siltstone, sai ya rubuta limolita da Sifaniyanci. In ya yi sulɓi kamar sabulu, claystone ke nan, ya rubuta arcilita. Ba shi ya ƙirƙiro dabarar ba, haka ya ga malamansa na yi. Amma su a daji suke yi, inda babu mai ganinsu. Shi a falo yake yi, a gaban baƙi, har yana lumshe ido.

Kowane dutse ya ba shi kati. Sunan Turanci a sama, na Sifaniyanci a ƙasa, sai bayanin gwajin, sai layi na ƙarshe da ya sa wa “wanda ya gwada”, inda yake rubuta sunansa. Ɓallin dutsen kuma ya sa a akwatin ashana ya liƙa masa lamba. Shekara talatin ba ta taɓa samun ashana a cikin akwatinta a gidan nan ba. Ta sayo da safe, kafin azahar ta tarar da tsinkayen zube a faranti, akwatin ya tafi aikin gwamnati. Ɗakin da ta ci burin mayarwa shagon ɗinki shi duwatsu suka fara cinyewa, suka gangaro ƙarƙashin gado, suka hau saman kabad. Ranar da iyayen mijin Auta, ƙaramar 'yarsu, suka zo gaisuwa ta farko, ta shiga kicin ɗauko shayi, ta fito ta tarar ya miƙa wa surukin nasu wani farin dutse yana cewa ya lasa ya ji gishiri. Bawan Allah don kunya ya lasa. A ranar ta gaya masa a gaban yara cewa ita dai ko hauka take ba za ta taɓa sa dutse a bakinta ba, kuma kada ya kuskura ya tambaye ta.

Bai tambaye ta ba kuwa. Mutum ne mai riƙe magana, ko wadda aka so ya manta.

A shekarar da zai yi ritaya aka kawo sabon darakta, matashi mai ladabi, waya ba ta barin hannunsa. Ya ga katunan, ya jinjina kai, ya ce ofis zai buga su littafi a matsayin sallama, kowane suna da hoton dutsensa a gefe. Kati ɗari takwas da goma sha huɗu. Tafinta ya dawo gida ranar yana tafiya kamar wanda aka rage wa shekara ashirin. Mai-ɗinki ma ta ji daɗi, ba ta ɓoye ba. Ko ba komai za a ce haƙurinta ya haifi littafi, kuma an yi mata alkawari duwatsun za su koma ofis bayan an ɗauki hotonsu. Har ta auna ɗakin da tef, ta zaɓi inda teburin yanka zai zauna.

Sai bakinsa ya kumbura. Ya yi kwana huɗu yana cewa ba komai, yana shan ruwan ɗumi da gishiri, har kumburin ya fara rufe masa ido ɗaya. Ta ɗauki mayafinta ta tsaya a kansa, ta ce ko ya tashi da ƙafarsa ko ta kira maƙwabta a ɗauke shi.

Likitar haƙori, wata mace mai gilashi, ta leƙa bakin ta duba shi da kyau.

“Baba, me kake ci haka?”

“Abin da kowa ke ci.”

“Dutse yake ci, likita,” in ji Mai-ɗinki daga bakin ƙofa. “Ki rubuta a takardarki. Dutse.”

“Ba ci nake ba. Gwadawa nake ina tofarwa.”

Likita ta yi dariya, ta zaci tsokanar miji da mata ce. Sai da ya zaro guda daga aljihu zai nuna mata yadda ake yi, sannan dariyar ta tsaya. Ta ce haƙoran gaba sun side har jijiya, ruɓa ta shiga ƙashi, shida ne za su fita, huɗu a sama biyu a ƙasa. Ya roƙe ta ta bar masa ko biyu masu fuskantar juna, na wata ɗaya tak. Ta ce in ta bar su wata ɗaya, ba a kujerarta za su sake haɗuwa ba, a gadon asibiti ne. Bayan mako biyu aka sa masa na roba, farare tas, jere kamar na ɗan talla. Kowa ya ce sun yi masa kyau. Shi ko godiya bai yi ba, abin da kawai ya ce da Mai-ɗinki a hanya shi ne, “Da kin bari wata ɗaya.”

Ba ta gane nauyin maganar ba sai ranar Talatar da ta raka shi ofis. Jikinsa bai gama dawowa ba, ta taya shi ɗaukar kwalaye, domin mai hoto ranar Alhamis zai zo. Suka jera akwatunan ashana a dogon tebur bisa lamba. Duk sun cika sai biyu. Da ta buɗe su ta ga ɗan abin da ya rage a ciki bai fi ƙwayar wake ba.

“Ina sauran?”

Ya kau da kai. “Su nake gwada sababbi da su. Kaɗan-kaɗan dai.”

“Wato ka cinye su.”

Ya cinye su ɗin. Limolita da arcilita, shekara talatin yana gutsura, kuma mai hoto ya ce ba ya ɗaukar abin da bai kai dabino ba. A sito akwai manyan dunƙule tara na duwatsun laka, amma gara ta cinye takardun da ke jikinsu tun shekarar da rufin ya yi yoyo. Su tara ɗin duk toka-toka ne, kamar uwa ɗaya ta haife su. Na'urar ɗakin gwaji ta lalace tun bara, ana jiran wani ƙarfe da kullum yana hanya. Haƙoransa na baya an cike su tuntuni, ba sa jin komai. Ya riga ya gwada matasan ma'aikata biyu. Ɗaya ya yi dariya ya ce shi a littafi ya karanta ana yin haka a zamanin da. Ɗayan ya ɗan taɓa a leɓe don ladabi, ya ce, “Baba, wanne kake so ya zama?”

Darakta ya shigo yana duba waya, ya gaishe ta da girmamawa, ya saurari matsalar har ƙarshe.

“Baba Tafinta, ai wannan ba abin damuwa ba ne. Ka zaɓi biyu masu kyau a ɗauka. A hoto wa zai gane?”

“Ni zan gane, ranka ya daɗe.”

“To a cire shafi biyun.”

“A kan su biyun nan aka fi yin kuskure. Su ne dalilin littafin.”

“Baba, ni ba ni da wata Alhamis bayan wannan. Ƙarshen wata maɗaba'a za ta shiga wani aikin, kai kuma ka yi ritaya. In bai shiga yanzu ba, gaskiya ban san ranar shigarsa ba.”

Tafinta ya gyara zaman haƙoransa da harshe, abin da ya koya kwanan nan. “To a bar shi,” ya ce.

A bar shi! Mai-ɗinki ta ji kamar ta ɗora hannu a ka. Ta daure don idon mutane, ta yi wa darakta sallama da murmushin da ya tsaya a leɓe. Shi kuma gogan ya kwashe dunƙulen tara da akwatunan ashana biyun ya zuba a jaka, ya ce zai ƙara dubawa a gida. A cikin motar haya jakar na kan cinyarta tana danne ta, domin shi likita ta hana shi ɗaukar nauyi.

Ranar Laraba da hantsi ta kasa ɗinki. Ta ɗinke hannun riga a baibai, ta farke, ta sake ɗinke shi a baibai. Ta tashi ta ɗauko shinkafa a tire ta zauna tsinta a falo. Yana gefe a kan tabarma, ya baje duwatsun a jarida, ga ƙaramar gudumarsa, ga gilashin ƙara girma. Ya ɓalli ɗan kaɗan ya sa a baki, ya lumshe ido, ya murza. Haƙoran roba suka yi ƙas, na saman suka zamo suka faɗo masa a tafin hannu. Ya mayar, ya sake, suka sake faɗowa. A karo na uku bai mayar ba. Ya ajiye su a kan jarida kusa da duwatsun, ya jawo kwalin katuna ya fara ɗaure shi da igiya.

“Me kake yi, Malam?”

“Zan kai su ɗaki.”

“Wane ɗakin?”

Ya ci gaba da ɗaure kwalin. Da haƙoran a waje fuskarsa ta shige ciki, ya koma tsoho sosai, kuma ganin hakan ne ya tunzura ta fiye da komai. Ta dangwarar da tiren har shinkafa ta yi tsalle.

“Wallahi ba ka isa ba. Shekara talatin ina kwana a kan duwatsu, ina tuntuɓe da su in na tashi alwala. Ka cinye min ashana, ka cinye min ɗaki, ka sa surukinmu ya lashi dutse kamar akuya. Injin wankin da Auta ta sayo min, me ya kashe shi in ba duwatsun aljihunka ba? Ban ce komai ba, na ce mutum ne mai aikinsa, wata rana za a gani. Yau an zo za a gani, ka ce a bar shi? Kai kaɗai ka yi aikin da za ka ce a bar shi?”

“Maman Auta, ba zan sa hoton ƙarya ba. Wani zai buɗe littafin a daji ya yarda da ni.”

“Wa ya ce ka sa ƙarya? Ni na ce ka sa ƙarya?”

Ta san ba zai sa ba. Da zai iya, da tuni yana da mota da ofis mai labule kamar sauran. Haushin ke nan, ba ta da inda za ta kama shi da laifi. Ta miƙa hannu ta ɗauki dunƙule ɗaya, ta juya shi, ta ga har da sawun gara a jikinsa.

“Yaya ake yi?”

Ya dube ta. “Ke da kika ce ko hauka kike…”

“To na haukace. Yaya ake yi?”

“Ba za ki iya ba. Abu ne na sabo, sai an daɗe ana…”

“Ni ce ba zan iya ba? Shekara arba'in da haƙoran nan nake tsinke zare, na san na auduga da na roba ido rufe. In yashi ƙwaya ɗaya ya shiga abinci a gidan nan, wa ke fara ji? Kai da kake haɗiyewa kana cewa ya yi daɗi?”

Wani mijin da sai ya gode wa Allah ya miƙo dutse. Tafinta sai ya mayar da haƙoransa, ya gyara zama, ya ce sai ya yi mata jarrabawa tukuna. Ya ɗauko akwatunan ashana biyun nan masu ragowar ƙwayar wake, waɗanda ya tabbatar da su tun yana da haƙora. Ya sa ta rufe ido, ya ɗora mata ɗan ɓarɓashi a tafin hannu, ya ce da haƙoran gaba, a hankali, kada ta tauna kamar gyaɗa.

Ta sa. Ɗanɗanon ƙasa ya cika mata baki. Sai kuma ta ji shi sarai, siririn garas-garas da ke tafiya har cikin kunne.

“Wannan da yashi.”

Ya ba ta ruwa ta kurkure, ya miƙo na biyu. Wannan narkewa ya yi, ya shafe haƙoran da santsi.

“Wannan babu. Kamar sabulu.”

Na uku ta murza sau ɗaya ta buɗe ido. “Wannan shi ka ba ni yanzun nan. Kada ka raina min hankali, Malam, ina da kayan mutane a kan keke.”

Ya ɗauki guduma. Ya wanke dunƙulen tara a bokiti, yana ɓallar sabon gefe daga kowanne yana miƙa mata. Tana murzawa, tana tofarwa a tsohon gwangwanin madara, tana kurkurewa, tana mita tsakanin kowane biyu. Biyar masu yashi ta tura dama. Uku masu santsi ta tura hagu. A kan na ƙarshe ta daɗe, ta nemi ƙari, ta sake murzawa.

“Wannan ban sani ba. Ya fara da santsi, sai can ƙasa ka ji yashi kaɗan. Ba zan ce maka ga shi ba.”

Ya ɗago ya dube ta kamar yau ya fara ganinta.

“Akwai irinsu,” ya ce a hankali. “Na tsakiya ne. Da kin sa shi dama ko hagu, da ban yarda da sauran ba.”

“Wato har yanzu jarrabawar ce.”

Ya ture na tsakiyan gefe, ya zaɓi mafi kyau daga dama da mafi kyau daga hagu, ya naɗe kowanne a jarida ya sa lamba. Sannan ya kwance igiyar kwalin, ya zaro tsofaffin katunan biyu, ya ɗauko sababbi ya kwafe su da rubutunsa mai kwanciya. Tana tattara shinkafar da ta zube tana kallonsa ta wutsiyar ido. Ya rubuta sunan Turanci, ya rubuta na Sifaniyanci, ya rubuta gwajin. Da ya zo layin ƙarshe, inda sunansa ya zauna a sauran katuna ɗari takwas da goma sha biyu, sai ya tsaya. Ya rubuta wani abu mai tsawo, ya hura tawadar, ya miƙa mata.

Sunanta ne, na yanka, haɗe da na mahaifinta. Tun makon aurensu ba ta ji shi a bakinsa ba. Da “ke” ya fara, aka yi haihuwa ta koma maman wannan, ta koma maman wancan, har ta tsaya a Maman Auta. A unguwa ma Mai-ɗinki ce. Ta zaci ya manta yadda yake.

“Haka za a buga?”

“Haka za a buga. Ai ke kika gwada.” Ya karanta shi a fili, haƙoran roba na yi masa ɗan fito a tsakiya.

Abin ya ƙara ba ta haushi, don ba ta shirya yin kuka a kan dutse ba. Ta mayar masa da katin.

“Sai da haƙoranka suka zube ka tuna ina da suna,” ta ce. “Ka ɗauke gwangwanin nan daga falo. Kuma gobe wandon toka za ka sa, shi kaɗai ne aljihunsa bai huje ba.”

Ta koma kan keke ta jawo rigar da ta ɗinke a baibai, ta kai zaren baki za ta tsinke. Sauran yashin na nan tsakanin haƙoranta yana garas-garas. Kofin ruwan na kusa da hannunta, ba ta ɗauka ba.